Sahun Ƙwayoyin Ƙarfe Masu Sansano Iskar Gas ta Hanyar Haske

Sahun ƙwayoyin ƙarfe na nano wani shiri ne na ƙananan ɗigo-ɗigon zinari, azurfa ko faladiyum da ake dasawa a jere a kan fuskar gilashi. Faɗin kowane ɗigo yakan kama daga nanomita 10 zuwa ɗaruruwa kaɗan. Nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma kaurin silin gashin ɗan Adam yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Idan aka haska irin wannan gilashi, ƙwayoyin sukan shanye wani launi na hasken, su watsa wani, kuma launin da suke shanyewa yakan gusa idan abin da ke kewaye da su ya sauya. A kan wannan gusawa aka gina wani reshe na binciken na'urorin gano iskar gas, inda ake karanta kasancewar iska mai haɗari daga haske kawai, ba tare da an kai wayar lantarki wurin da iskar take ba.

Dalilin da zinari ke komawa ja

A cikin ƙarfe akwai ilektiron da ba su ɗaure da wata ƙwayar zarra ba, suna yawo a sake kamar ruwa a cikin kwano. Haske kuma igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. Idan ya faɗa kan ƙwayar ƙarfen da ta fi tsawon zangonsa ƙanƙanta, sai ya tunkuɗe waɗannan ilektiron gaba ɗaya zuwa gefe guda, cajin da aka bari a baya ya janyo su, su zarce zuwa ɗaya gefen, a haka su riƙa kai da komowa. Masana na kiran wannan kaɗawa ta bai-ɗaya da filasmon. Kamar yadda lilo ke tashi sama sosai idan mai turawa ya dace da lokacin dawowarsa, haka kaɗawar ke yin ƙarfi a wani tsawon zango guda, kuma a nan ƙwayar ke shanye haske fiye da yadda girmanta zai sa a zata.

Ido yana ganin hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 da 700. Ƙwayar zinari mai siffar ƙwallo da faɗin nanomita 20, a cikin ruwa, tana shanye haske mafi yawa a kusa da nanomita 520, wato launin kore, shi ya sa ruwan ke fitowa ja kamar zoɓo. Ta azurfa tana yin haka a kusa da nanomita 400, sai ruwanta ya zama rawaya. Wanda ya taɓa yin gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa a asibiti ya riga ya ga wannan launi, domin jan layin da ke bayyana a yawancin waɗannan 'yan faranti tarin ƙwayoyin zinari ne.

Abubuwa huɗu ne ke tsayar da wurin da ƙololuwar shanyewar za ta zauna: irin ƙarfen, girman ƙwayar, siffarta, da abin da ya kewaye ta. Idan aka ja ƙwallon zinari ya zama sanda, ƙololuwa takan rabu biyu, ɗaya ta tsaya kusa da 520, ɗayar ta yi ta gusawa wajen ja har ta fice daga abin da ido ke gani gwargwadon tsawon sandar. Na huɗun ne ya shafi gano iska. Kowane abu da haske ke ratsawa yana da ma'aunin lanƙwasa haske, wato adadin da ke nuna yadda yake rage wa haske gudu. Idan wannan ma'auni ya ƙaru a kewayen ƙwayar, kaɗawar ilektiron takan yi sanyi, ƙololuwa ta gusa wajen ja. Ƙwayar ba ta jin abin da ke nesa: ƙarfin lantarkin da ta tara yana dusashewa cikin 'yan gomomin nanomita daga fatarta, don haka abin da ya manne mata shi ta fi ji.

Daga kofin Rumawa zuwa ɗakin gwaji

Maƙeran gilashi sun yi amfani da wannan sirri tun ba su san sunansa ba. Kofin Likurgus, aikin Rumawa na ƙarni na 4 wanda Gidan Tarihin Birtaniya ya saya a 1958, yana bayyana kore idan aka haska shi ta gaba, ya koma ja idan hasken ya ratso ta bayansa. Sai a 1990 binciken da aka yi da madubin ilektiron ya nuna cewa gilashin na ɗauke da ƙwayoyin gaurayen azurfa da zinari masu faɗin nanomita 50 zuwa 100. A 1857 Michael Faraday ya gabatar da bayani a Landan kan jan ruwan zinari da ya haɗa, ya kuma yi hasashen cewa zinarin yana nan a matsayin ƙarfe, ƙanƙantarsa ce kawai ta sauya masa launi. Wasu kwalaben nasa suna nan har yau a Royal Institution. Gustav Mie na Jamus ne ya kawo lissafin a 1908, inda ya warware yadda ƙwallo ƙarami ke watsa haske da shanye shi, kuma da lissafinsa ake fara koyar da wannan fanni har gobe.

Amfani da filasmon wajen gano iska ya fara ne a Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, inda Claes Nylander da Bo Liedberg da abokan aikinsu suka nuna a 1982 da 1983 cewa siririn shafen ƙarfe a kan gilashi zai iya gano halotan, iskar da ake sa majiyyaci barci da ita kafin tiyata. Abin mamaki, dabarar ta fi karɓuwa a wani fage daban: a 1990 aka fitar da na'urar Biacore, wadda masu binciken magunguna ke auna yadda ƙwayoyin furotin ke kama juna da ita a cikin ruwa. Iska ta ci gaba da gagara, kuma dalilin hakan lissafi ne mai sauƙi.

Matsalar iska

Ma'aunin lanƙwasa haske na sarari fanko 1 ne daidai. Na ruwa 1.33 ne, na gilashi kimanin 1.5. Na iskar da ake shaƙa kuwa 1.00029 ne, na kabon dayoksaid 1.00045, na heliyum 1.000035. Ƙwayar azurfa ko zinari mai kyau takan gusar da ƙololuwarta kimanin nanomita 200 idan ma'aunin ya ƙaru da ɗaya cif. Saboda haka tsoma ta cikin ruwa zai gusar da ƙololuwar kusan nanomita 66, sauyin da ido ma zai gani. Amma idan aka kwashe iskar ɗaki baki ɗaya aka maye gurbinta da zallar kabon dayoksaid, gusawar kimanin nanomita 0.03 ce kawai, alhali faɗin ƙololuwar kanta yakan kai nanomita 80 zuwa 100. Tamkar a ce mutum ya gane cewa tudun yashi ya matsa da taku ɗaya ne alhali gindinsa ya kai taku dubu uku.

Ana iya auna hakan. A 2010 ƙungiyar Richard Van Duyne a Jami'ar Northwestern ta Amurka ta nuna cewa da na'urar tantance haske mai kaifi sosai ana bambance heliyum da agon da naitirojin ta wannan hanya. Sai dai gwajin ya nuna iyakar dabarar ne fiye da amfaninta. Yoyon gas na gaske ba ya zuwa kashi 100 cikin 100. Yakan zo ne kashi kaɗan cikin miliyan. Kuma ƙwayar zinari tsirara ba ta san wace iska ce ta zo ba, ta dai san cewa ma'auni ya motsa, wanda ɗan sauyin zafi ko laima ma zai iya haddasawa. Duk abin da aka yi a fannin tun daga lokacin ƙoƙari ne na magance waɗannan abubuwa biyu: a ƙara kaifin alamar, a kuma sa ta amsa wa iska guda kaɗai. Jera ƙwayoyin shi ne maganin na farko, zaɓen sinadarin da zai kama iskar shi ne na biyu.

Abin da jerawa ke ƙarawa

Ƙwayoyi biyu da ke kusa suna jin juna ta hanyoyi biyu mabambanta. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta gaza faɗin ƙwayar, ƙarfin lantarkin ɗaya yakan shiga cikin na ɗayar, ƙololuwa ta gusa wajen ja, kuma a cikin ɗan ramin da ke tsakani haske yakan taru ya ninka ƙarfinsa sau da yawa. Waɗannan wurare ake kira guraben zafi. Ƙwayar iskar da ta faɗa cikin irin wannan gurbi tana barin alama mafi girma fiye da wadda ta sauka a fili. Tasirin yana raguwa da sauri ƙwarai yayin da tazara ke buɗewa, shi ya sa kuskuren nanomita biyu ko uku wajen ƙira yake iya ɓata aikin.

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, kuma ita ce ainihin dalilin yin sahu mai tsari. Idan aka jera ƙwayoyin da tazara iri ɗaya, wadda ta yi kusa da tsawon zangon hasken, to hasken da kowace ƙwaya ta watsa yakan bi fuskar gilashin ya isa maƙwabciyarta daidai lokacin da ita ma take kaɗawa. Dubban ƙwayoyi sai su zama kamar makaɗa da suka haɗa kiɗa a kan bugu ɗaya. Hasken da ƙwaya tilo za ta zubar a banza yana komawa cikin sahun, kuma sakamakon shi ne ƙololuwa siririya, wadda faɗinta kan sauka ƙasa da nanomita 10. Asalin abin tsoho ne: Robert Wood ya ga wasu baƙin layuka a hasken da ke dawowa daga ƙarfe mai zane-zane a 1902, Lord Rayleigh ya yi bayaninsu a 1907. Shengli Zou da George Schatz sun yi lissafin yadda zai kasance a sahun ƙwayoyi a 2004, sannan a 2008 ƙungiyoyi uku, a Manchesta da Exeter na Ingila da kuma Harvard, suka gan shi a zahiri.

Muhimmancin siririyar ƙololuwa a bayyane yake. Masu fannin suna auna nagartar na'ura ne da raba girman gusawa da faɗin ƙololuwa, domin gusawar nanomita 0.1 ɓacewa take a jikin ƙololuwa mai faɗin 100, amma ana ganinta sarai a jikin mai faɗin 5. Wani alheri kuma shi ne mai ƙira yana da iko a kan wurin da ƙololuwar za ta faɗa: idan haske ya sauka a miƙe, wurin yana kusa da tazarar sahun idan aka ninka ta da ma'aunin lanƙwasa hasken abin da ke kewaye. Akwai sharaɗi mai wuya dai. Wannan haɗin kai ya fi ƙarfi idan abin da ke saman ƙwayoyin da abin da ke ƙasansu suna da ma'auni kusan ɗaya, alhali na'urar gano iska gilashi ne a ƙasa, iska a sama. Mafita ita ce a lulluɓe sahun da siririyar robar da ma'auninta ya yi kusa da na gilashi, wadda kuma iskar da ake nema za ta iya ratsawa.

Wajen ƙira, hanya mafi daidaito ita ce zana kowane ɗigo da tsinin ilektiron, amma tana da tsada da jinkiri, kuma filin da take rufewa ƙarami ne. Van Duyne da John Hulteen sun yaɗa wata hanya mai araha a 1995: a shimfiɗa ƙananan ƙwallayen roba su jeru da kansu kamar ƙwai a kiret, a fesa tururin ƙarfe ta ramukan da ke tsakaninsu, a wanke ƙwallayen, sai a bar ɗigo-ɗigo masu kusurwa uku. A Jami'ar Chalmers da ke Gothenburg an fito da wata dabarar a 2007 wadda ke ba da faifai-faifai masu girma ɗaya a fili mai faɗi, sai dai a warwatse suke, ba sahu mai tsari ba. Akwai kuma hanyar buga zanen da hatimi, wadda masana'antu suka fi sa wa ido.

Haidurojin da faladiyum

Inda wannan fasaha ta fi nuna kanta shi ne wajen gano haidurojin. Duniya na amfani da sama da tan miliyan 90 na wannan iska a shekara, akasari a matatun mai da masana'antun takin zamani, kuma ƙasashe da dama na shirin mayar da ita makamashin motoci, jiragen ruwa da masana'antar ƙarafa. Batirin gubar da ake haɗawa da inbata a gidaje da shaguna ma yana fitar da ita idan caji ya yi masa yawa. Ba ta da launi, ba ta da wari, harshen wutarta da ƙyar ake ganinsa da rana. Tana kamawa da wuta idan ta kai daga kashi 4 zuwa kashi 75 cikin 100 na iska, kuma tartsatsin da take buƙata bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda gas ɗin girki ke buƙata ba. Gas ɗin girki ana zuba masa sinadari mai ɗoyi domin hanci ya ankara. Haidurojin da za a kai wa injin da ke mayar da ita lantarki ba a yi mata haka, saboda sinadaran ƙibiritu suna lalata injin.

Na'urorin da aka saba da su, irin masu ɗan dutsen da ake zafafawa zuwa ɗaruruwan digiri ko masu tokar kuza, duk suna aiki da lantarki a daidai wurin da ake tsoron yoyon, don haka dole a killace su da kyau. Na'urar haske ba ta da wannan damuwa. Abin da ke cikin wurin haɗarin gilashi ne da ɗigon ƙarfe; fitila da na'urar karatu suna can nesa, zaren gilashi ne ke kai haske ya komo da shi.

Faladiyum ƙarfe ne da ke shan haidurojin kamar yadda soso ke shan ruwa. Thomas Graham ya gano hakan a 1866, kuma ƙarfen na iya ɗaukar iskar da ta ninka girmansa kusan sau 900. Ƙwayar haidurojin takan rabu biyu a fatar ƙarfen, zarrarta ta kutsa cikin guraben da ke tsakanin zarrar faladiyum. Ƙarfen yakan kumbura da kimanin kashi 10 cikin 100, halin ilektiron ɗinsa ya sauya, ƙololuwar filasmon ta gusa da nanomita da yawa, ba ɗan burbushin da aka gani a lissafin baya ba. Idan iskar ta janye, ƙarfen ya amayar da abin da ya sha. A nan ƙwayar ita ce mai kamawa, ita ce kuma mai ba da labari, kuma tunda sauran iskoki ba sa shiga jikin faladiyum haka, matsalar bambancewa ta ragu ƙwarai. Christoph Langhammer da abokan aikinsa sun nuna wannan da faifan faladiyum a 2007.

Faladiyum shi kaɗai ba gwani ba ne wajen haske: ƙololuwarsa mai faɗi ce, mara kaifi. Don haka aka gwada raba aikin. A 2009 ƙungiyar Chalmers ta wallafa dabarar da ake shimfiɗa faifan zinari, a rufe su da siririn shafe, a ɗora abin da ake son lura da shi a sama, zinarin ya zama ɗan rahoto kawai. A 2011 Na Liu da Paul Alivisatos da abokansu a Berkeley suka ajiye ƙwayar faladiyum guda ɗaya tak a bakin tsinin wata ƙwayar zinari mai kusurwa uku, suka karanta shigar haidurojin daga hasken da zinarin ke watsawa. A shekarar ce kuma ƙungiyar Harald Giessen a Stuttgart ta ƙera sahun faladiyum a kan madubin zinari wanda ke shanye kusan dukkan hasken wani launi, ta yadda da zarar haidurojin ta shigo sai haske ya fara dawowa daga wurin da a da duhu ne.

Zallar faladiyum yana da aibi uku da suka daɗe suna hana shi fita daga ɗakin gwaji. Na farko, ba ya shan iskar sannu a hankali: a zafin ɗaki yakan ɗan kurɓa, sai a kusa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya kwankwaɗa gaba ɗaya, kuma matakin da yake amayarwa ya yi ƙasa da matakin da ya sha. Ma'ana, alama ɗaya tana iya nufin adadi biyu, gwargwadon ko iskar na ƙaruwa ne ko raguwa. Na biyu, yana da nawa. Na uku, kabon monoksaid, ko da kaɗan ne, yakan manne a fatarsa ya toshe wa haidurojin hanya, haka ma naitirojin dayoksaid da iskokin ƙibiritu. Na'urar tsaro da hayaƙin mota zai iya makantar da ita ba abar dogaro ba ce.

An magance na farko da gauraya: idan aka zuba zinari kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100, kwankwaɗar nan takan ɓace, alamar ta riƙa hawa da sauka a kan hanya ɗaya. Ƙara tagulla kaɗan a gaurayen yana rage illar kabon monoksaid. Babban ci gaba ya zo a 2019, lokacin da Ferry Nugroho da Langhammer da abokansu suka wallafa a mujallar Nature Materials cewa sun lulluɓe ƙwayoyin faladiyum da zinari da roba hawa biyu. Ta ciki, irin wadda ake shafa wa kaskon da abinci ba ya kamawa, ta sauƙaƙa wa haidurojin shiga da fita. Ta waje, irin ta gilashin roba, ta zama rariya mai barin haidurojin ta wuce ta tare manyan ƙwayoyin da ke toshe ƙarfen. Na'urar ta amsa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya a kashi 0.1 cikin 100, wato ta cimma mizanin saurin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta gindaya, wanda aka daɗe ana nema.

A 2022 aka haɗa wannan da dabarar sahu mai tsari. Masu bincike daga Amstadam, Eindhoven da Chalmers sun bar wa kwamfuta ta lalubo faɗin ƙwaya, tsayinta, tazarar sahu da kaurin roba da za su ba da alama mafi girma, maimakon su yi ta gwaji da hannu. Sahun faladiyum da ya fito daga wannan lissafi ya gano haidurojin har zuwa kashi 250 cikin biliyan. Robar da aka sa domin tace iska ita ce kuma ta daidaita ma'aunin sama da na ƙasa, ta ba da siririyar ƙololuwar da faladiyum ba zai taɓa bayarwa shi kaɗai ba. Saura laima, wadda ke kwanciya a fatar ƙarfen ta rage masa ji. Wani aiki na 2024 ya nuna cewa ɗumama na'urar tare da barin manhajar koyo ta karanta dukkan zanen hasken, ba ƙololuwa kaɗai ba, yana ba da damar gano kashi 100 cikin miliyan a iska mai danshi sosai.

Sauran iskoki

Ga iskokin da ba su da ƙarfen da ke shan su, ana sa wa ƙwayoyin riga mai kamawa. A 2010 Lauren Kreno da Joseph Hupp da Van Duyne suka gina wani sinadari mai ramuka kamar saƙar zuma a kan ƙwayoyin azurfa, wanda ke tattara kabon dayoksaid a daidai inda ƙwayar ta fi ji, alamar ta ninku sau 14. Wata hanyar ita ce a binne ƙwayoyin zinari a cikin tokar ƙarfe mai jure wuta. Iskar da ke ƙara wa zinarin ilektiron tana gusar da ƙololuwa wajen shuɗi, wadda ke janye su tana gusar da ita wajen ja. Ƙungiyar Michael Carpenter a Albany ta jihar New York ta gwada irin wannan a zafin digiri 500 domin gano kabon monoksaid, haidurojin da naitirojin dayoksaid, da nufin sa ido a cikin injinan jirage da tashoshin lantarki, inda na'urorin lantarki ba sa daɗewa.

Tururin zaiba yana narkewa cikin zinari kai tsaye, ya sauya launin ƙwayoyin, kuma masu bincike a Berkeley sun nuna cewa ana iya auna shi ta haka, a ɗumama gilashin zaibar ta fice, a sake amfani da shi. Wannan tururi ne masu haƙar zinari na gargajiya a Zamfara da Neja da sauran wurare ke shaƙa idan suna ƙona curin zaiba domin fitar da zinari. Azurfa kuma tana baƙi idan ta haɗu da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wato haidurojin salfaid, abin da ya sa take iya gano ta, ya kuma sa take saurin lalacewa a kowane aiki daban.

Akwai kuma hanyar da ba ta dogara da gusawar ƙololuwa ba. Kowace ƙwayar iska tana da irin rawar jikinta, wadda ke barin tambari a haske: kabon dayoksaid na shanye hasken da ido ba ya gani a kusa da nanomita 4,260, mitan kuma a kusa da 3,300. Idan aka ƙera sahun ya kaɗa a daidai waɗannan wurare, guraben zafinsa sukan ƙarfafa tambarin. Wannan ya fi kowace hanya iya faɗin sunan iskar, amma kayan aikinsa sun fi tsada.

Tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa

Yawancin alkaluman da aka ambata an same su ne a ɗakin gwaji, da iskar da aka gauraya da gangan, a zafin da aka tsare. A bakin bututu ko cikin garejin mota akwai ƙura, hayaƙi, zafin rana da sanyin dare, kuma duk suna taɓa haske. Ƙwayoyin kansu sukan sauya siffa a hankali idan zafi ya daɗe a kansu, ƙololuwa ta yi ta zamewa ba tare da wata iska ta zo ba, don haka ake ajiye sahu na biyu da aka rufe domin kwatantawa. Tsadar zinari da faladiyum ba ita ce matsalar ba, domin abin da ke kan gilashi ɗaya bai kai a auna shi da sikelin maƙerin zinari ba. Kuɗin yana tafiya ne wajen zana sahun da kuma na'urar karanta hasken, shi ya sa ake ƙoƙarin maye gurbinta da 'yar fitila mai launi ɗaya da ƙaramin idon lantarki.

Ga gas ɗin girki ko hayaƙin janareta a cikin gida, na'urorin da ke kasuwa yanzu sun wadatar kuma sun fi araha nesa ba kusa ba, babu hujjar jiran wannan fasaha. Gurbinta yana inda tartsatsi ke nufin gobara, inda zafi ko ƙarfin maganaɗisu ke kashe na'urar lantarki, da inda ake son amsa cikin daƙiƙa guda. Kamfanin Insplorion, wanda aka kafa a Gothenburg a 2010 daga binciken Chalmers, ya sayar wa masu bincike kayan aunawa da aka gina a kan wannan dabara, kuma ya shiga cikin masu ƙera na'urorin gano haidurojin da ita domin masana'antu da jiragen ruwa.